Yadda Ƙungiyar Ƙwallon Kwando Ta Mata Ta Ke Cin Shekararta

Ran 3 ga watan Agusta 2025 'yan matan Nijeriya da a ke kira D'Tigress suka ci na ƙasar Mali da maki 78 da 64 a birnin Abijan, suka ɗauki kofin Afirka na ƙwallon kwando, sau biyar ke nan a jere. Bayan wannan da 'yan kwanaki wata ɗaliba ta tare ni da aka tashi daga darasin motsa jiki, ta ce, "Malam, su waɗannan mata, in ba a gasar Afirka, me su ke yi sauran shekara? Mu ma nan Jalingo muna da irinsu kuwa?" Na ba ta amsa a tsaitsaye, amma amsar ba ta gamsar da ni ba, balle ita. Shi ya sa na ga ya kamata in zauna in bayyana abin sosai a nan, gama da yawa daga cikinku, in kun fita kun kama aiki, wata rana hedimasta zai miƙo muku ƙwallo da usur, ya ce ku ji da 'yan matan makaranta.

Da fari dai ku sani wasan nan ɗan gidanmu ne, watau a makarantar horon malamai aka haife shi. A watan Disamba 1891 wani malami mutumin Kanada, James Naismith, yana koyarwa a makarantar horon ma'aikatan ƙungiyar YMCA a garin Springfield ta Amurka. Sanyi ya hana ɗalibansa fita fili, zaman ɗaki kuwa ya sa sun fara fitina. Sai ya samo kwanduna biyu na zuba 'ya'yan itace, ya kafe su a jikin baranda, tsayin ƙafa 10 daga ƙasa, ya rubuta dokoki 13, ya raba ɗalibai 18 gida biyu. Kwandon nan ba a huda gindinsa ba, saboda haka duk sa'ad da aka jefa ƙwallo ciki sai wani ya hau tsani ya ɗauko. Ba a yi shekara ba wata malama, Senda Berenson, ta kai wasan kwalejin mata ta Smith a 1892, ta gyara dokokin don su dace da ɗalibanta. Ran da ajin farko da na biyu suka kara a 1893, sai aka rufe ƙofa, ba a bar namiji ko ɗaya ya shiga kallo ba. Wanda ya ke tsammani a ƙasarmu kaɗai a ke taka tsantsan da wasan mata, to, ga Turawan da kansu.

Dokokin yau ba su da wuyar ganewa. Kowace ƙungiya tana rubuta sunayen 'yan wasa 12, amma biyar ne ke cikin fili, sauran suna benci, ana canja su yadda koci ya ga dama. Ana wasa kashi huɗu, kowanne minti 10, da hutun minti 15 a tsakiya. Wadda ta jefa ƙwallo cikin kwando ta sami maki 2, in kuwa daga bayan babban layin nan mai lanƙwasa ta jefo, mai nisan mita 6.75, maki 3 ne. In an yi mata laifi tana cikin jifa, a kan ba ta jifa daga layi ba mai tare ta, kowanne maki 1. Ba a gudu da ƙwallo a hannu, sai dai ana tafe ana buga ta da ƙasa. Ƙungiyar da ƙwallo ke hannunta tana da daƙiƙa 24 ta yi jifa, in ba ta yi ba a karɓe. Wadda ta yi laifi biyar ta fita ke nan, ba ta komowa. Ba a kunnen doki: in maki ya zo ɗaya, a ƙara minti 5, a yi ta ƙarawa har a sami gwani.

To, yanzu mu zo ga ƙungiyoyi. Babbar gasar mata a ƙasar nan Hukumar Ƙwallon Kwando ta Nijeriya ce ke shirya ta, bankin Zenith kuwa ya fara ɗaukar nauyinta tun 2005, har sunansa ya bi ta. In ka duba masu ƙungiyoyin da suka shiga cikinta, sai ka ga iri-iri ne. Akwai ta banki, watau First Bank ta Ikko, wadda ta fi kowa cin kofin. Akwai ta coci, MFM. Akwai ta ma'aikatan kwastan da ta 'yan sanda. Akwai wadda mutum guda ya kafa da aljihunsa, kamar Dolphins ta marigayi Wale Aboderin, shugaban kamfanin jaridar Punch. Daga nan Arewa kuma an ga Plateau Rocks, da Benue Princess, da Nasarawa Amazons, da GT 2000 ta Kaduna, da AHIP Queens ta Kano. Ta nan gida ita ce Taraba Hurricanes, ma'anar sunan kuwa guguwar Taraba. Ta sha shiga wannan gasa a shekarun da ke tsakanin 2010 da 2020, tana karawa da waɗancan manya. Amsar rabin tambayar ɗalibata ke nan.

Ana ce da 'yan wasan nan masu sana'ar wasa, amma a yi hattara da kalmar. A ƙungiyoyin banki da na kwastan ana iya samun albashi na wata-wata, wata ma a ɗauke ta aiki. A ƙananan ƙungiyoyi kuwa abin da ya fi yawa shi ne alawus na kwanakin sansani da na tafiya. Da yawa daga cikin 'yan matan ɗalibai ne, waɗansu suna ɗinki ko kitso ko ɗan ciniki. Wannan shi ya sa shekarar ƙungiya irin tamu ba ta kama da ta ƙungiyar da ke da rumbu cike.

Shekarar tana farawa tun ba a san ranar gasa ba. Aikin farko shi ne tara mutane. Koci zai duba wa ya rage daga bara, gama wadda ta yi fice a kakar da ta wuce, da wuya manyan ƙungiyoyin Ikko ko Abuja su bar ta. Wata ta yi aure, wata ta sami makaranta a nesa. Sai ya bi makarantun sakandare da wasannin jiha yana neman sababbi. Ba dogaye kaɗai ya ke nema ba. Yana bukatar mai raba ƙwallo, wadda sau da yawa ita ce gajera a cikinsu, amma ita ce idon ƙungiya, ita ke kiran dabara. Yana bukatar biyu masu saitin jifa daga nesa, da biyu masu tsawo da ƙarfi waɗanda za su tsaya ƙarƙashin kwando su cafe ƙwallon da ta ƙi shiga. Wannan cafewa, a ganina, ita ce aikin da 'yan kallo ba su yaba wa, alhali kuwa ita ke cin wasa. Jifa da yawa ba su shiga, ko a hannun gwanaye. Ƙungiyar da ta fi kwashe waɗanda suka baro, ita ta fi samun damar sake jifa.

Sa'an nan sai horo. A Jalingo rana ce ke tsara lokaci, ba agogo ba. A watannin Maris da Afrilu daɓen siminti ya kan yi zafin da za a ji shi ta cikin takalmi, don haka sai da sassafe, ko kuwa bayan la'asar. Makonnin farko gudu ne da tsalle da ƙarfafa cinya, ƙwallo sai kaɗan. 'Yan wasa ba su son wannan lokaci ko kaɗan, amma akwai dalilinsa. Likitoci sun tabbatar cewa wata jijiya da ke riƙe gwiwa daga ciki ta fi saurin tsinkewa ga mata 'yan wasa bisa ga maza, yawanci wajen dirowa daga tsalle ko juyawa farat ɗaya. In ta tsinke, sai aikin tiyata da jiyya ta watanni da yawa, abin da iyayen yarinya ba safai su ke da halinsa ba. Maganin da ya fi araha shi ne a koya mata dira tun tana ƙarama: ta sauka a kan ƙafa biyu, gwiwa a lanƙwashe, kada gwiwoyin su karkato ciki su haɗu. Malamin firamare ma yana iya koyar da wannan ba tare da ya sayi kome ba. Haka kuma batun abinci. Yarinyar da ke gudun awa biyu kullum, ga kuma al'adar wata, jininta na iya raguwa, sai a ga tana haki tun kashi na biyu, a ce ragwanci ne. Wake da ganye da kifi da hanta sun fi tsawa amfani a nan.

Yanzu ga inda gasarmu ta bambanta da ta ƙwallon ƙafa. A ƙwallon ƙafa, yau kana gida, mako mai zuwa kana garin abokan karawa, har shekara ta zagayo. A ƙwallon kwando ta mata ba a yin haka, don kuɗin mota zai cinye ƙungiyoyin. Sai a tara su a gari guda, a zaure guda, su yi kamar mako ɗaya suna karawa kusan kullum, sa'an nan kowa ya koma gida a jira zagaye na biyu. An yi irin wannan taro a Abuja da Kaduna da Asaba da Ilori da waɗansu garuruwa. Daga baya aka raba ƙungiyoyin shiyya biyu, ta Savannah ga na Arewa, ta Atlantic ga na Kudu, don a rage nisa. Waɗanda suka fi maki a shiyyoyin su ne ke zuwa Ikko, a babban zauren wasa na Surulere, a yi ta kifa daya kwala har a fid da zakara.

Ku dubi abin da wannan tsari ya ke nufi ga wanda ya taso daga Jalingo. In Abuja za a, bas zai bi ta Mutum Biyu da Wukari, ya ratsa ƙasar Binuwai zuwa Makurɗi, ya haye kogi, ya bi Lafiya da Akwanga da Keffi. Tafiyar yini guda ce cur, in mota ba ta yi gardama ba. 'Yan mata dogaye sun wuni a naɗe cikin kujera, ƙafa ta kumbura, wataƙila kuma gobe da safe su ne a fili. Ƙungiyar da ke da hali ta kan iso da kwana biyu, ta huta, ta gwada zauren. Gwada zauren nan ba ƙaramin abu ba ne. Wadda ta saba da siminti a sarari, ran da ta fara taka daɓen katako sai ta ji ƙwallo na tashi dabam, takalmi na kamawa dabam, fitilu na dukan ido, ihun 'yan kallo kuma rufi na maido shi har ba ta jin muryar koci.

Makara kuwa tana da hukunci mai tsanani. A teburin gasa, wanda ya ci wasa yana samun maki 2, wanda aka ci yana samun 1, don ya zo ya yi. Amma ƙungiyar da ba ta kawo mutum biyar cikin fili ba har minti 15 suka wuce bayan lokacin da aka sa, an ci ta 20 da babu, ba ta kuma samun ko maki ɗaya. In ta sake, dokar duniya ta ce a fid da ita daga gasar. Ashe ke nan taya guda da ta fashe a hanyar Wukari tana iya ɓata aikin wata uku. Saboda haka sakataren ƙungiya, wanda ke bin takardar kuɗi daga ofis zuwa ofis tun kafin ranar tashi, ni ina lissafa shi cikin 'yan wasa.

Makon gasa shi ne ke nuna wa ya yi horon gaskiya. Ran farko kowa na da ƙarfi. Zuwa rana ta huɗu sai ka ga bambanci tsakanin ƙungiya mai mutum 12 da za a iya dogara gare su, da wadda ke da gwanaye biyar kawai. Ta biyun za ta riƙe wasa har hutun tsakiya, maki kusa da kusa, 'yan kallo suna murna. A kashi na uku ƙafa ta yi nauyi, mai gajiya kuwa da hannu ta ke tsaro maimakon ƙafa, sai laifi ya yi ta hawa. Kafin a ankara babbar 'yar wasansu ta yi laifi huɗu, koci ya zaunar da ita don tsoron na biyar, cikin minti uku a zuba musu maki goma. Duk wanda ya saba kallon ƙananan ƙungiyoyi in sun gamu da manya ya san wannan labari. Koci yana da izinin tsai da wasa na minti ɗaya sau biyu kafin hutu, sau uku bayansa, kuma sanin lokacin da za a nemi wannan tsayawa rabin aikinsa ne.

Ba kullum manya ke ci ba. Dolphins ta ɗauki kofin a 2015. A 2019 Air Warriors ta Abuja ta zo Ikko ta ci MFM a wasan ƙarshe, kofin ya hau Arewa, aka kuma zaɓi 'yar wasanta Murjanatu Musa a matsayin wadda ta fi kowa a gasar. Daga nan ta tafi wasa Sifen da Faransa, ta kuma zama ɗaya daga cikin ginshiƙan D'Tigress. MFM ta ci a 2023, ta maimaita a 2024. Ƙungiyoyin da suka zo kan gaba su ke wakiltar ƙasa a gasar zakarun Afirka, inda su kan tarad da na Angola da Mozambik da Masar. First Bank ta ɗauko wannan kofi na Afirka sau biyu, a 2003 da 2009.

Sai dai fa akwai shekarun da kakar ba ta zo ba sam. A 2017 shugabancin hukumar ya rabu biyu, ɓangaren Musa Kida da na Tijjani Umar, rigimar ta daɗe. Annobar korona ta zo a 2020 ta rufe filaye. A watan Mayu 2022 Gwamnatin Tarayya ta ce ta janye ƙasar daga wasannin duniya har shekara biyu. Ko da ya ke an soke wannan umurni bayan 'yan makonni, kafin nan an riga an ba Mali gurbin da D'Tigress suka samu da guminsu a gasar duniya ta Sidni. Manyan 'yan wasa da ke ƙasashen waje sun ji zafi, amma suna da ƙungiyoyinsu. Wadda ta fi cutuwa ita ce yarinya mai shekara 18 a gari kamar namu, wadda lokacinta na nuna kanta ya zo ya wuce ba a yi gasa ba.

In muka kwatanta da Amurka za mu ga ratar. Gasarsu ta mata, WNBA, ta fara a 1997 da ƙungiyoyi 8. A 2025 ƙungiyoyi 13 ne, kowace ta yi wasa 44 daga Mayu zuwa Satumba, gida da waje, kafin a shiga zagayen ƙarshe wanda Las Vegas Aces ta ci. Ƙungiyarmu kuwa, in ba ta kai Ikko ba, wasanninta na shekara duka ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Gwaninta kuwa a cikin karawa a ke samunta. Wannan ne dalilin da ya sa yawancin 'yan D'Tigress ko dai an haife su a waje, ko sun fita tun suna ƙanana. Kocinsu Rena Wakama, wadda ta kai su ga kofin 2023 da na 2025, a Amurka aka haife ta, iyayenta mutanen Jihar Ribas ne. A wasannin Olimfik na Faris a 2024 ta jagorance su suka ci Ostareliya da Kanada, suka zama ƙungiyar Afirka ta farko, ta maza ko ta mata, da ta kai zagayen takwas na ƙarshe. Abin alfahari ne, ba shakka. Amma ni na fi son ranar da za a ce rabinsu a filayen gida suka koya.

Akwai wani abin da ya kan hana iyaye a nan sakin 'ya'yansu, watau sutura. Da can dokar hukumar duniya, FIBA, ta hana rufe kai a fili, har 'yan matan ƙasar Katar suka fice daga wasannin Asiya na 2014 saboda an ce su cire ɗankwali. A 2017 aka canja dokar. Yanzu yarinya na iya wasa da hijabi mai kama kai, muddin bai rufe fuska ba, ba shi kuma da allura ko maɓalli da zai ji wa wani rauni, ana kuma yarda da matsattsen dogon hannu da dogon wando a ƙarƙashin rigar wasa. Malamai da yawa ba su san an yi wannan canji ba. Ya kamata wanda zai je neman izinin uba ya tafi da wannan bayani a bakinsa, ya kuma tafi da malama mace wadda za ta riƙa raka yaran duk inda za su.

In an gama gasa, ƙungiya ta kan watse, kowa ya kama gabansa, sai koci ya koma yawon makarantu. A nan ne shekarar ƙungiya ta ke haɗuwa da aikinku. Gasar Milo ta makarantun sakandare, wadda aka fara a 1999, tana da ɓangaren 'yan mata, ana farawa daga jiha, a je shiyya, a ƙare a ƙasa baki ɗaya, masu neman 'yan wasa kuma suna zuwa kallo. Amma makarantar da ba ta da fili ba ta shiga.

Filin ba shi da tsada kamar yadda a ke zato. Tsawonsa mita 28, faɗinsa mita 15, bai kai kwatan filin ƙwallon ƙafa ba. In babu siminti, jar ƙasa da aka daɓe sosai ta isa a fara, a ja layi da toka ko farar ƙasa. A shimfiɗa shi kudu da arewa, don kada rana ta shiga idon masu jifa da safe ko da yamma. Allon da ke bayan kwando faɗinsa mita 1.80, tsayinsa mita 1.05, kafinta zai yi shi da katako. Zoben kuwa mai walda zai lanƙwasa shi da rodi, faɗin bakinsa santimita 45, a kafa shi mita 3.05 daga ƙasa. Ga 'yan firamare a sauko da shi zuwa mita 2.60, a ba su ƙwallo mai lamba 5, gama in zobe ya yi musu nisa sai su koyi wurgi da dukan jiki, gyaran wannan hali kuwa daga baya wuya gare shi. 'Yan sakandare mata lamba 6 ce tasu, ita ce kuma ta manyan mata, ta maza ce lamba 7. Ginshiƙin da ke riƙe allo a naɗe shi da tsohuwar katifa ko buhun da aka cusa wa tsumma, sa'an nan a share mita 2 bayan layi ko ta ina, kada a bar dutse ko kututture.